Sirrin Mai Saye Amana Ce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Masanin ɓoye da bayyane, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu Al'amin, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Madarunfa da kewaye, muna tunatar da kawunanmu wata amana da ta shigo hannun 'yan kasuwa ba su ankara ba. Mai sayar da layin talho, da mai wurin aika kuɗi, da mai kantin magani, da mai littafin bashi, kowane yana riƙe da sunayen mutane, da lambobinsu, da hoton katinsu na ɗan ƙasa. Wani ya san nawa ɗan ci-rani ya aiko wa mahaifiyarsa, wani ya san ciwon da maigida ke ɓoyewa.

A shekarar 2017 Jamhuriyar Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane, ta kafa hukumar HAPDP, ta kuma sabunta dokar a 2022. Nijeriya, wadda fatakenmu ke ƙetarawa ta Ɗan Isa da Jibiya, ta yi tata a 2023. Tushensu guda: kada a karɓi bayanin mutum sai da dalili, kada a yi aiki da shi ga abin da bai yarda ba, kuma a tsare shi.

Musulunci ya riga doka. Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta umurce mu da mayar da amana ga masu ita, aya ta 12 ta Hujurati ta hana bincikar asirai da giba. Mu dubi Huzaifa ɗan Yamani, Allah Ya yarda da shi, wanda Annabi (SAW) ya sanar da shi sunayen munafukai. Sunayen munafukai ne fa, amma ya riƙe su bai watsa ba. To, ina ga sunan muminin da ya amince mana?

Saboda haka mu yi shiri. Kada mu nemi abin da ciniki bai buƙata ba. Takardun mutane a kulle su. In amfaninsu ya ƙare a ƙone, kada a tsince su an ƙunshe ƙosai da su. Yaron kanti a hore shi, kada ya ba saurayi lambar matar aure ko budurwa, domin da haka aure ke mutuwa, da haka 'yan damfara ke samun ƙofa. Littafin bashi kuwa ba abin karantawa a majalisa ba ne.

Hukuma tana iya gafala, Allah ba Ya gafala. Muna roƙonSa Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sanya mu cikin masu tsare amana. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.