Kyautar Malami da Tsarkin Niyya

Masu adawa da ba ɗalibi kyauta saboda ladabi suna da hujja mai ƙarfi: aikin da aka yi don alewa ko tafi ba shi da ikhlasi. Binciken da Lepper da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1973 ya ƙara wa wannan fargaba nauyi, domin yaran da aka yi wa alkawarin lambar yabo kafin su yi zane sha'awarsu ta ragu daga baya. Sai dai waɗanda aka ba lambar ba zato ba tsammani sha'awarsu ba ta ragu ba. Ashe aibin yana cikin ciniki, inda yaro ya san farashin ɗa'arsa tun kafin ya aikata.

Imam Ghazali, a littafinsa Ihya'u, ya ba da shawarar a yaba wa yaro a gaban jama'a, a kuma saka masa idan ya yi abin kirki. Ikhlasin manya ba a nemansa wurin wanda bai balaga ba. Sabo ke share wa ikhlasi fage. Don haka malami ya riƙa ba da kyautar bayan aiki, ya faɗi dalilinta, ya kuma rage ta sannu a hankali da zarar halin ya zauna.