Murjanin da Ya Yi Fari Bai Mutu Ba

Da ku nake, masu kula da tankunan ruwan gishiri: yaron shago mai goge gilashi tun kafin a buɗe ƙofa, da ma'aikacin otal mai jigilar bokiti, da magidancin da ya tara kuɗin guminsa ya sayi reshen murjani guda ya ajiye a falo. Na san abin da ke karya muku gwiwa. An kawo shi kore shar, bakinsa shuɗi, bayan 'yan makonni sai ga shi ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa, ko ya yi fari fat. Maigida ya fara harara, kai kuma ka fara tunanin ko aikin nan ya fi ƙarfinka. Bai fi ƙarfinka ba, ɗan'uwa. Launin nan da ya sauya labari yake ba ka, kuma kana iya koyon karanta shi.

Murjani dabba ce, ko da yake ido na ganinsa kamar dutse ko tsiro. Dubban ƙananan halittu ne masu baki da 'yan yatsu, zaune a kan ƙashin da suka gina wa kansu da sinadarin kalsiyam. A cikin tsokarsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, mai launin ƙasa-ƙasa. Ita ke karɓar haske ta haɗa abinci, kuma mafi yawan abin da murjanin ke rayuwa a kai daga wurinta yake fitowa. Shi kuma ya ba ta masauki. Kusan duk sauyin launin da ke tayar maka da hankali daga wannan zaman tare ya taso.

In ya koma ruwan ƙasa, gansakukar ce ta yi yawa har ta lulluɓe kyawunsa. Ko dai haske ya yi kaɗan, ko kuma ragowar abinci da kashin kifi sun cika ruwan da naitiret da fosfet, kamar gonar da aka zuba wa taki fiye da kima. Wannan ba ciwon ajali ba ne. Rage abincin kifi, wanke matata, canza kashi ɗaya cikin goma na ruwan kowane mako, sannan ka ba shi lokaci.

Farin ne ke tsinka zuciya. Idan ruwa ya ɗumama fiye da yadda ya saba, ko da digiri 1 ko 2 ne, muddin ya daɗe a haka, ko kuma an dasa sabon reshe kai tsaye a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, sai murjanin ya fitar da gansakukar daga jikinsa. Tsokar ta zama garau, farin ƙashin ya bayyana. A nan ne mutane da yawa ke cire shi su jefar, kuma a nan nake roƙonka ka dakata. Jira dare ya yi, ka ɗauki ƙaramar tocila ka matso da fuskarka jikin gilashin. In ka ga siririyar tsoka na nan shimfiɗe a kan ƙashin, 'yan yatsun nan sun leƙo suna kaɗawa da motsin ruwa, to da ransa. Yunwa ce ke damunsa. Saukar da shi ƙasa inda haske bai da zafi, daidaita sanyin ruwan, ka riƙa ɗiga masa ɗan abinci. Ko da wani sashe ya saɓule ya mutu, yanke lafiyayyen ka manna a sabon dutse. Reshe mai tsawon ɗan yatsa na iya zama gida guda.

Abin da murjani ya fi so shi ne yau ta zama kamar jiya. Zafi tsakanin digiri 24 da 26, gishiri wajen giram 35 a kowace lita, kalsiyam kimanin 400 zuwa 450 a ma'auni. A ganina, hannu mai garaje ya fi ƙarancin kayan aiki ɓarna: mutum ya ga fari, ya zuba magani uku a rana ɗaya, ya sauya fitila, ya juye rabin ruwa, sai ya ƙarasa abin da zafi ya fara. Gyara abu ɗaya, rubuta a littafinka, ka sa ido. Wannan littafin mai jiƙaƙƙun shafuka, da babu mai yaba maka a kansa, shi ne ƙwarewarka.

Kore da ja da shuɗin da ke ƙyalli a ƙarƙashin shuɗiyar fitila kuwa, na murjanin ne da kansa, wasu sinadaran furotin ne da yake sarrafawa. Masana a Jami'ar Southampton ta Ingila sun nuna a 2020 cewa wani murjanin, bayan ya rasa gansakukarsa, yakan ƙara waɗannan launuka su zame masa laima daga haske, har gansakukar ta samu damar dawowa. Ke nan in ka ga reshe ya yi wani irin haske mai ɗaukar ido ba zato, kada ka yi saurin murna, duba ma'aunin zafi. Yana fafutukar ceton kansa ne, taimakonka yake jira.

Kada kuma wani ya ce maka wannan sana'ar wasa ce. Osamu Shimomura, masani ɗan Japan, shi da iyalinsa da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna kwasar wata halittar ruwa mai walƙiya a gaɓar Amurka, ɗaya bayan ɗaya, har dubu ɗaruruwa. Koren furotin ɗin da ya gano a 1962 ya kai shi ga kyautar Nobel a 2008, kuma yau da shi ake haska abin da ke faruwa a cikin ƙwayoyin jiki. A 1999 masana a Mosko suka samo jan irinsa daga dangin murjani, irin wanda ake kiwo a tankin gilashi.

Ku tuna da jihar Filorida ta Amurka a watan Yulin 2023. Teku ya yi zafin da har wani ma'auni a gaɓa ya haura digiri 38. Ma'aikata da masu nitso suka yi ta fita da jiragen ruwa cikin wannan zafin rana, suna kwaso dubban rassan murjani daga gonakinsu na cikin teku zuwa tankuna a tudu. An yi asara mai yawa, babu ɓoye-ɓoye. Amma waɗanda suka tsira sun tsira ne a hannun mutanen da suka iya auna gishiri, suka iya daidaita sanyi, suka iya kwana suna gadin famfo, kuma da ruwa ya huce aka mayar da da yawa daga cikinsu teku. Aikin da kake yi kowace safiya shi ne suka yi. Tashi ka ɗauko kayan awonka, ka fara da zafin ruwan.