In Kiɗa Ya Sauya, Wa Ke da Haƙƙin Mai Rawa?

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Duk mai ci da guminsa ya san haka ne. Sai dai karin maganar ta ɗora wa mai rawa kaya duka, ta bar makaɗi yana tafiya hannu rabbana. Shin wanda ya sauya wa mutane yanayin aikinsu, ba shi da alhakin komai a wuyansa?

Bari mu fara da gona, domin ita ce ma'aikatar yawancinmu. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, Turawa auduga suke kwaɗayi saboda masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafi. Suka ga gyaɗa tana zama gona ɗaya da gero da dawa, kuma ko kasuwa ta faɗi ana iya cin ta a gida. Daga 1912 sai suka rungume ta. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka saba da goron Gwanja, suka juya jarinsu da amanar da suka ƙulla da mutane zuwa sayen gyaɗa, har dala ta tashi. Wannan sauyi ya yi albarka ne domin masu aikin da kansu suka auna shi, suka shige shi da ƙafarsu.

To, mu dubi wani sauyin na daban. Shekaru da dama matasan ƙauyuka, irin su Durun ta ƙasar Kabo da garuruwan Gwarzo, sukan shiga birni su yi acaɓa in an gama aikin damina. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni. Dalilin tsaro ne, kuma ba mai hankalin da zai raina jinin da aka zubar. Amma cikin 'yan kwanaki ɗimbin magidanta suka wayi gari sana'arsu ta zama laifi. Mafita ita ce A Daidaita Sahu, wadda kuɗinta ya ninka na babur. Mai hali ya saya. Marar hali, wanda jiya yake da babur na kansa, ya koma yaron wani, yana biyan balas kullum kafin ya sayi awo. Wasu kuwa suka tattara suka koma gida.

Idan muka jera waɗannan labarai biyu, za mu ga haƙƙi iri biyu ne. Na farko yana kan ma'aikaci: ya san bambancin sana'arsa da kayan aikinsa. Ɗan acaɓan da ya gane cewa jarinsa na gaskiya shi ne sanin lungunan gari, da sammako, da riƙon amanar fasinja, ya hau sabon abin hawa da wannan jari cif. Wanda ya ɗauka babur ɗin ne sana'ar, ranar da aka hana shi ya zauna. Zamani riga ne, in ji Hausawa, kuma mai riga ya fi rigarsa daraja.

Haƙƙi na biyu ya fi nauyi, kuma shi muka fi mantawa. Yana kan mai iko, ko gwamna ne, ko shugaban ofis, ko maigidan shago. Sauyi yakan zama dole, amma ba dole ba ne mafi rauni ya biya kuɗinsa shi kaɗai. Wanda zai kawo kwamfuta ofis, ya tuna da mai buga tafireta da ya tsufa a kujerar nan. A sanar da shi da wuri, a ji ta bakinsa, a koya masa, a ba shi lokaci. Cewa mutum ya yi haƙuri alhali ba a rage masa komai ba, rabin zalunci ne.

Mu marubuta ma abin bai tsallake mu ba. Mun ga kasuwar littattafan hikaya ta cika ta batse a shekarun 1990, mun ga fim ya janye wasu daga cikinmu, sannan karatu ya koma wayar hannu. Wanda ya riƙe iya ba da labari ya tsira, ko a takarda ko a waya. Amma mai shagon littattafai da mai ɗinka su a maɗaba'a fa, wa ya waiwaye su? Kafin mu yi wa sabon zamani kirari a rubuce-rubucenmu, ya kamata mu ƙirga waɗanda kiɗan ya bari a tsakiyar fage, mu ba su baki a shafukanmu. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.