Shin Wanda Ba a Haifa Ba Maƙwabcinmu Ne?

Duk wanda ya ci miyar daddawa a Kafur yau, ya ci alherin wani kaka da ya bar ɗorawa tsaye a gona, bai kuwa san fuskar mai ci ba. Alheri yakan ƙetare daga tsara zuwa tsara. Cuta ma haka take.

Ga misali daga maƙwabtanmu na arewa. A Arlit, cikin Jamhuriyar Nijar, an soma haƙar yuraniyom a 1971, aka riƙa kai shi Faransa domin samar da lantarki. Cikin tukunyar nukiliya, wani sashe nasa yakan rikiɗe ya zama fulutoniyom, ƙarfen da aka yi bom ɗin Nagasaki da shi a 1945. Sai bayan shekara wajen 24,000 rabinsa yake lalacewa. Ku tuna, daga haihuwar Ubangijinmu zuwa yau shekara 2,000 ne da 'yan kai. Domin haka mutanen Finland suka haƙa rami mai zurfin fiye da mita 400 cikin dutse, su binne sharar nukiliyarsu har shekara 100,000. A Akokan kuwa, kusa da Arlit, an rufe mahaƙa a 2021, aka bar tulin shara mai guba wajen tan miliyan 20.

Wani zai ce, "Jikokinmu za su fi mu sani, su nemi dabara." Amma wannan cin bashi ne da sunan wanda ba a shawarta ba. Mu muka sha haske, su za su yi gadin guba. Mutumin da Basamariye ya taimaka ba ya iya roƙo, duk da haka maƙwabci ne. Wanda ba a haifa ba ya fi shi rashin baki. Fafaroma Fransis ya koyar a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015 cewa adalci ya haɗa har da tsararraki masu zuwa.

Ba mu da fulutoniyom a Kafur, amma tambayar ta same mu. Galan ɗin maganin feshi da muke yarwa a rafi, ɗorawar da muke sarewa domin gawayi, gonar gandu da muke gajiyarwa ba taki: wa zai biya?

Allah ya sa Adamu cikin gona ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Amana ce. Ubangiji ya sa jikokinmu su tuna da mu da godiya. Amin.