Gori da Ɗan'uwa

Gori shi ne ka ɗauki ni'imar wani ka doki wani da ita. Mafi zafinsa wanda ake yi wa mutum da ɗan'uwansa na jini, don ba shi da bakin ramawa. In ya yi magana a ce hassada yake yi, in ya yi shiru a ce ya yarda.

Dubi Dom DiMaggio, ɗan wasan besbol na Amurka. Mahaifinsa masunci ne da ya taso daga Sisili ya zauna a San Faransisko, kuma uku daga cikin 'ya'yansa, Vince da Joe da Dom, duk sun buga a babbar gasar ƙasar. Joe ne Allah ya ɗaukaka: a 1941 ya yi wasa 56 a jere bai rasa bugu mai kyau ba, har yau ba wanda ya kamo shi. Shi kuwa Dom, ƙaramin jiki gare shi, ga tabarau, har ake kiransa Ƙaramin Farfesa. Ya buga wa Boston Red Sox daga 1940 zuwa 1953, in ban da shekara 3 da ya yi a sojan ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu. Sau 7 ana zaɓarsa cikin taurarin shekara. A 1949 ya yi nasa jerin na wasa 34, wanda har yanzu shi ne mafi tsawo a tarihin kulob ɗin, kuma Joe ne da hannunsa ya cafke ƙwallon da ta katse shi. Duk da wannan, da ka ambaci sunansa sai ka ji an ce, "Au, ƙanin Joe?"

Hausawa suka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai akuya bai ci amanar kowa ba don bai mallaki raƙumi ba. Laifin na ɗan kallo ne, wanda bai taɓa riƙe sanda ba amma ya kafa sikeli yana auna 'ya'yan mutane. Da Dom ɗan wani gida ne, da an yaba masa baki ɗaya. Sunan gidansu aka mayar masa tarko.

Masu wannan hali ba a filin wasa kaɗai suke ba. Uba ya karɓi sakamakon jarrabawar ɗansa, maimakon "Allah ya yi albarka" sai "yayanka na ɗaya yake zuwa." Haka ake shuka gaba tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya, gobe kuma a zo ana kukan zumunci ya mutu. Wa ya kashe shi?

Dom bai bari gori ya ci shi ba. Da ya ajiye wasa ya kafa masana'anta ya yi arziki, ya rasu a 2009 yana da shekara 92. Ba kowane yaro ke da irin wannan zuciya ba. Iyaye da malamai, ku auna kowane ɗa da ƙoƙarinsa, ku ji tsoron Allah.