JIKINKI AMANA NE: WANE NAUYI YA DACE DA TSAYINKI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicce mu, Ya bambanta surorinmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa. 

A gidan biki ko suna, da wuya a watse ba a taɓa jikin wata ba. Wannan a ce ta rame, ko maigidan ba ya ciyar da ita ne? Waccan a ce ta buɗe kamar an hura ta. Sai baiwar Allah ta koma gida da magana a ranta, washegari ta aika kemis a sayo mata ƙwayar ƙiba, ko ta shiga neman shayin rage tumbi. Ba ta tsaya ta tambayi kanta ba: shin tsayina da ƙirar jikina, nauyi nawa ya dace da su?

'Yar'uwa, jikin nan ba naki ba ne, ajiya ce aka ba ki. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi bin Amr bin As (R.A) ya lizimci azumi kullum da tsayuwar dare, sai Manzon Allah (S.A.W) ya hana shi, ya nuna masa jikinsa ma yana da haƙƙi a kansa. To idan ba a yarda a cutar da jiki saboda nafila ba, ina ga cutar da shi don gudun bakin kishiya ko dangin miji?

YADDA AKE LISSAFIN

Akwai ma'aunin nauyi da tsayi, wanda a asibiti za ki ji ana ce masa BMI. Ki hau sikeli ki san nauyinki a kilo. Ki cire takalmi, ki jingina da bango a auna tsayinki a mita. Sai ki ninka tsayin sau kansa, ki raba nauyin da abin da ya fito. Misali, mai tsayin mita 1.60 da nauyin kilo 80: 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, a raba 80 da 2.56, an sami 31.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa sakamakon kamar haka: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa. 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce mai haɗari. Ga yadda abin yake idan an mayar da shi kilo:

Tsayin mita 1.55: kilo 45 zuwa 59.
Tsayin mita 1.60: kilo 48 zuwa 63.
Tsayin mita 1.65: kilo 51 zuwa 67.
Tsayin mita 1.70: kilo 54 zuwa 72.

Kin ga ba lamba ɗaya ba ce, fili ne mai faɗi. Mai manyan ƙasusuwa da faɗin kafaɗa takan zauna ta sama, mai ƙaramar ƙira ta zauna ta ƙasa, kuma duk lafiya ne. Sai dai wannan lissafi na manya ne, ban da yara, ban da mai juna biyu. Ita mai ciki, awon asibiti ne jagoranta.

KADA KI MANTA DA ƘUGU

Sikeli ba ya bambance tsoka da kitse, ba ya kuma faɗin inda kitsen ya taru. Kitsen ciki, wanda ke kewaye da hanji da hanta, shi ya fi jawo ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya, fiye da na cinya da mazaunai. Ki ɗauko tef ɗin tela ki auna tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ba tare da kin shanye ciki ba. Ga mace, santimita 80 alamar gargaɗi ce, 88 kuwa, wato kusan inci 35, haɗarin ya yi girma. In babu tef, ki yanko zare daidai tsayinki, ki ninka shi biyu ki zagaya tsakiyarki da shi. Idan bakinsa bai haɗu ba, akwai aiki a gabanki.

WANE BURI ZA KI SA A GABA?

Mu koma ga mai kilo 80 ɗin nan. Kuskure ne ta ce sai ta koma jikinta na amarci kafin Sallah. Likitoci sun tabbatar da cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 a wajenta, yana taimakawa wajen saukar da hawan jini da suga, gwiwa ma ta sami sauƙi. Wannan shi ne zangon farko, a kan rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Sannu ba ta hana zuwa. Ki ƙulla niyya mai kyau: ina so in ci gaba da sallah a tsaye, in yi ɗawafi da ƙafata, in ga tarbiyyar 'ya'yana.

Hanyar kuwa Sunna ta riga ta shimfiɗa ta. Suratul A'araf aya ta 31 ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. A hadisin Miƙdam bin Ma'adikarib (R.A) da Tirmizi ya ruwaito, an koya mana kasa ciki uku: abinci, abin sha da numfashi. Ki rage malmalar tuwo da tulin shinkafa, ki ƙara wake da zogale da rama. Lemon kwalba da sugan da ake zabgawa a shayi da kunu da fura, a nan ɓarnar take. Ki riƙa tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako, ko a tsakar gida ko a hanyar Islamiyya. Ba abin kunya ba ne. Abu Dawud ya ruwaito Nana A'isha (R.A) ta yi tseren gudu da Annabi (S.A.W) ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta. Mai shayarwa kuma kada ta yi wa kanta horon yunwa. Shayin rage ƙiba, da yawa gudawa kawai suke sawa, ruwan jiki ke zuba, kitsen yana nan.

Ke kuma da lissafinki ya faɗi ƙasa da 18.5, ko kike ramewa ba dalili, ki je asibiti a duba ki, don tarin fuka da ciwon suga da damuwa duk suna ramarwa. Ki ji tsoron Allah ki nisanci ƙwayoyin nan da ake ce wa sha-ka-fashe. Daga cikinsu akwai deksametason, wadda ke kumbura fuska da ciki, ta tayar da suga da hawan jini, ta raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke lokaci ɗaya, yin hakan ma haɗari ne. Ta gaya wa likita gaskiya, shi zai janye mata a hankali.

Daga ƙarshe, mu kiyaye harsunanmu. Suratul Hujurat aya ta 11 ta ambaci mata musamman wajen hana su yi wa juna izgili. Imam Ahmad ya ruwaito wata rana sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi bin Mas'ud (R.A), sai Annabi (S.A.W) ya sanar da su cewa a mizani ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi. Ki kula da sikelin duniya gwargwadon haƙƙin jikinki, amma wancan mizanin shi ne abin ji.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya nauyaya mizaninmu ranar gobe ƙiyama, amin.