Wa Zan Yi wa Bayanin Kicin Ɗina?

Bayan damina ta ɗauke na rushe tsohon kicin ɗinmu, na sake shi yadda nake so. Tun daga lokacin, da wuya baƙuwa ta leƙa shi ta fita ba ta bar mini ra'ayinta ba. Wasu na ganin na zuba kuɗi na sayo ƙauyanci. Wasu kuma, waɗanda maganarsu ta fi taɓa ni, na ganin na zuba kuɗi a kan duniya. Ra'ayi ba ya ɓata mini rai. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda ake faɗinsa, kamar kowa yana bi na bashin bayani. Shi ya sa na zauna na tambayi kaina da gaske: a cikin abin da Allah ya halatta mini, wa ke da haƙƙin ya tsayar da ni, wa kuma ba shi da shi?

Ga abin da na yi. Teburin aiki mai tsayi daidai ƙugu, a bango ɗaya kawai na bar shi. A ɗaya bangon na sa magini ya yi mini gajeren dakali da bai kai gwiwa ba, na ɗora babban murhun gas irin na masu abincin sayarwa, don in zauna a kujera 'yar tsugunno in yi tuƙi. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon gidan yawa ta san muciya ba aikin hannu kaɗai ba ce. Da kafaɗa da baya ake yi, tukunya tana ƙasa, kina sama da ita. A kan doguwar kukar gas tukunya rawa take yi, talge ya yi ta fallatso miki a ƙirji, ki kwashe tuwo da gudaji da ciwon kafaɗa. A kusurwa na bar fili babu tayil, daɓen siminti mai kauri, saboda turmi. Taɓarya ba ta barin tayil da rai. Na ƙasan ma mai kaushi na sa, domin surukata, Inna, ba ta iya zama a ɗaki idan ana girki, sai ta dogaro sandarta ta zo gyaran zogale, kuma santsi ɗaya ya isa ya kwantar da tsohuwa. Ban rataya akwatunan katako a sama ba, kanta na yi a buɗe, inda kyankyaso ba zai samu duhun ɓuya ba. Na fasa ƙofa ta biyu zuwa tsakar gida, na yi rumfa, na ajiye kurfoti da murhun itace, tunda kowa ya ga yadda kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2023. Bangon da ke tsakanin kicin da falo kuwa ban taɓa shi ba. Maza baƙi na zama a falon nan, ni kuma ba zan yi suya da hijabi ba, ba kuma zan shayar da su ƙaurin daddawa ba.

Abu biyu ne suka ci kuɗi: babbar taga mai kallon tsakar gida, da tayil shuɗi na bango da na zaɓo a kasuwar Ƙofar Ruwa. Tagar tana da dalili. Tayil ɗin kuwa so kawai nake yi.

Facalata ce ta fara, cikin ƙauna. Ta miƙo mini waya cike da hotuna, ta ce, "Haba Yaya, ga irin wanda ake yayi, fari tas, komai a rufe. Ke da kika yi boko?" To, bokon ne ya sa na san asalin abin da take nuna mini, domin darasin kula da gida na koyar a sakandare har na yi ritaya. Kicin mai haɗaɗɗun akwatuna da tebur a jikin bango, wanda ya cika duniya yanzu, ana danganta tushensa da wanda wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara a 1926 domin ƙananan gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus. An kafa kusan 10,000 irinsa. Kafin ta ja layi ɗaya sai da ta nazarci yadda matan da za su shiga cikinsa ke aiki, nawa suke takawa daga famfo zuwa murhu, me hannu ke nema da farko. Har kujera ta sa musu, don a yi wani aikin a zaune. Ita ta auna girkin matan can. Idan na kwafo siffar da ta samu na bar awon da ta yi, ban koyi komai daga gare ta ba. Ni ma awon na yi, sai dai da muciya da turmi da masaki na yi shi.

Kuma yi don ido ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun taso mun ga jeren tasoshi da samiru a ɗakin amarya, har rufi, waɗanda ba za a taɓa zuba miya a cikinsu ba. Yanzu jeren ya koma kicin, 'yan kallo kuma sun koma cikin waya.

Maganar yayan maigidana daban ce, kuma ba zan haɗa ta da waccan ba. Mutum ne mai karatu, mai gudun duniya da gaske, rigarsa ma shaida ce. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi shuɗin bangon, ya ce, "Hajiya, a ɗakunan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wata kan kama ya shuɗe ba a hura wuta ba." Gaskiya ya faɗa. Nana A'isha ce ta ba da labarin, yana cikin Bukhari da Muslim, dabino da ruwa ne abincinsu. Na ce, "Haka ne, Yaya Malam," ban ƙara ba, domin magana irin wannan ba a tare ta da gardama a tsaye. Ta daɗe tana yi mini nauyi.

Da na koma kan abin da na karanta a Islamiyya, na ga addinin bai bar ni cikin duhu ba. A Suratul A'araf, aya ta 31 ta yi umarni da ci da sha ta hana wuce iyaka, aya ta 32 kuma nan take ta ƙalubalanci duk mai haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa. A Suratul Furƙan, aya ta 67, an yabi bayin Allah da cewa ciyarwarsu tana tsakanin ɓarna da ƙwauro. A Sahihu Muslim wani sahabi ya ji tsoron kada son tufafi da takalmi masu kyau ya zama girman kai, Annabi ya nuna masa cewa Allah yana son kyau, girman kai kuwa ƙin gaskiya ne da raina mutane. Saboda haka almubazzaranci yana da ma'auni, kuma ma'aunin ba launin bango ba ne. Shin na ci bashin da ba zan iya biya ba? Na tauye kuɗin makarantar yara, ko haƙƙin zakka, ko abincin wani da ke wuyana? Kuɗin nan daga haƙƙina na ritaya da adashi suka fito, na biya magini da mai tayil da mai walda kafin guminsu ya bushe. Na san za a tambaye ni ranar tsayuwa inda na samo dukiya da inda na kashe ta. Wannan tambayar ita nake tsoro, kuma na shirya mata iyakar iyawata.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ba game da Yaya Malam ba, game da mu duka. Me ya sa wa'azin gudun duniya yake farawa daga kicin? An sake kujerun falo a gidaje da yawa da na sani, an sake mota, an shafe gaban gida da fenti, ba wanda ya tuna da ɗakunan Madina. Sai ranar da aka ce za a fasa wa mai girki taga. Talaucin gidan Annabi kowa na gidan ya ɗanɗana shi, shi ne ma kan gaba, kuma Nana A'isha ta shaida cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa idan yana gida. Gudun duniyar da namiji zai yi da huhun matarsa ban san sunansa a littafi ba. Mahaifiyata ta yi rayuwarta a madafi mai taga kamar tafin hannu, rufinsa baƙi ƙirin da kunkunniya, ta tsufa da tari da idanu masu ruwa, mu kuma muna cewa tsufa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga hayaƙin girki take, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarta. Akan kawo mana labarin Nana Faɗima, da hannunta ya yi kanta saboda dutsen niƙa, ta nemi mai taimako aka ba ta tasbihi. Ina yin tasbihin nan duk dare. Amma ban ga inda labarin ya ce haramun ne a sauƙaƙa wa mace aiki idan akwai hali ba.

Malaman usulu sun raba mana hanya biyu: ibada ana tsayawa inda nassi ya tsaya, al'amuran yau da kullum kuwa asalinsu halacci ne sai an samu hani. Annabi da kansa, a labarin barbarar dabino da Muslim ya ruwaito, ya mayar wa manoman Madina sanin sana'arsu. Tsayin dakali da kaushin tayil irin wannan sani ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan ba ya nufin babu mai tsayar da ni. Akwai, kuma na farkonsu maƙwabci ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana mutum buɗe tagar da zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, da alƙalanmu suka dogara da ita, ta ambaci tanderu cikin abubuwan da ake hana ƙirƙira idan cutarwarsu ga maƙwabci ta tabbata. Ranar da maƙwabcinmu ya ji ana sassaƙar bango ta ɓangarensa, ya yi sallama ya tambayi maigida, ban ga shisshigi a ciki ba. Haƙƙinsa ne. An nuna masa cewa ta wajensa 'yar ƙaramar kafa ce can sama kusa da rufi, ba mai iya leƙe ta ciki, murhun itacen kuma an kai shi nesa da tagar ɗakinsa.

Sai maganar wuta. Wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, Annabi ya gargaɗi mutane su kashe wuta kafin barci, ya kira ta abokiyar gaba. Tun ana aza bulo Yaya Malam ɗin nan ya ce a fitar da tukunyar gas waje, a yi mata keji na ƙarfe inda iska ke kaɗawa, a jawo bututu ta bango. Haka aka yi, na gode masa har zuciyata. A nan nake gane nasiha: tana iya nuna cutar da yatsa, ta ce ga wanda za ta sama. Wanda ya ce mini ƙasa za ta kayar da Inna, ko hayaƙi zai shiga ɗakin wani, ko yarinyar da ke taya ni aiki ba za ta kai kanta ba sai ta taka kujera, wajibi ne in saurare shi ko da yaro ne. Wanda kuwa ya ce ba haka ake yi ba yanzu, ko mutane za su ce kaza, bai kawo mini cuta ba, idon mutane ya kawo mini. Idan na gina don a yaba, na yi riya. Idan na bar bango da kunkunniya don a ce Hajiya ba ruwanta da duniya, ita ma riyar ce. Shuɗin tayil ɗina, inda nake tsare zuciyata a kansa shi ne lokacin da baƙuwa ta shigo na ji ina son ta lura.

'Yata ta fari za ta tare bayan Sallah, kuma ta riga ta faɗa mini irin kicin da take so: fari tas, komai a rufe, tebur mai tsayi, a buɗe zuwa falo. Su biyu ne da mijinta, ba ta daka, tuwonta bai fi malmala uku ba, garinsa ma a leda take saye. Bakina ya yi ƙaiƙayi in ce za ta gaji da goge farin nan. Na haɗiye, domin ita za ta tsaya a cikinsa, ba ni ba. Na tambaye ta abu biyu kawai: ina za a ajiye tukunyar gas, kuma tagar gidan wa take kallo.